Wace Sa'a Ake Kira

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin teloli na unguwar Jurf, a nan Madina, ya san Baba Ɗanmusa. In bai san sunan ba ya san ƙeyar, don ita yake nuna wa ƙofa tun safe har yamma: ƙeya mai sanƙo tana ƙyalli, tef ɗin awo a wuya, da tabarau wanda aka ɗaure wa ƙafa da baƙin zare. Shagon na wani Balarabe ne, kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama, wanda ba ya leƙowa sai in na'urar sanyi ta ƙi aiki. Yawancin masu kawo masa aiki ɗaliban jami'a ne 'yan Najeriya, irin masu zuwa da yadin da bai kai ba su ce a yi musu ɗinki irin na manyan shehunnai.

Mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado. Ba ya gulma sai in an riga an fara, ba ya riƙe ragowar yadin mutane sai wanda ko hula ba zai yi ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi waƙa ce, guda ɗaya tak. Da zarar keken ɗinki ya ɗauki gudu sai ka ji ta tana fitowa ta hancinsa:

Sa'a, kada ki juya mini baya,
Yau ke nake kira, ba wata ba.

Sunan matarsa ke nan, Sa'a. Kowa a cikin Hausawan Jurf ya san Baba Ɗanmusa ne ya tsara wa matarsa wannan waƙa tun yana saurayi, kuma mata da yawa sun sha yi wa mazansu gori da ita. Mutum ɗaya ne kawai ya san ba haka zancen yake ba, shi ne mai ƙeyar.

A Kano aka haife shi. Yana tasowa ya riƙa koyon ɗinki da safe, da yamma kuma ya koyi abin da ba a aike shi ba, wato zaman ƙofar silima wajen 'yan karta. Wata shekara aka kawo wani tsohon fim na Amurka, wanda aka ce asalinsa wasan dandamali ne kafin a mai da shi fim. 'Yan caca ne zalla a ciki, da huluna da kwat masu launi, mutanen da ko gaisuwa za su yi sai sun rera ta. Ɗanmusa da abokansa ba su jin Turanci, ko zo in kashe ka ba su sani ba. Akwai wurin da gwanin 'yan cacar ya tsaya yana girgiza 'ya'yan ludo a tafin hannu, yana waƙa kamar mai addu'a. Wani masinjan kotu da ke zaune bayansu, wanda ya ɗan taɓa firamare, ya sunkuyo ya ce musu, "Roƙon sa'a yake yi kada ta guje shi." Shi ke nan. Ba a daɗe ba samarin suka ɗora wa karin kalmomin Hausa, kuma duk wanda zai ja karta sai ya fara rera ta.

Kawunsa ne ya ga yaron na neman lalacewa, ya haɗa shi da wata goggonsu mai tafiya aikin Hajji, wai ya riƙe mata jaka. Goggo ta koma gida, Ɗanmusa ya maƙale. Ranar da ya fara shiga Masallacin Annabi ya yi kuka har wani dattijo Baturke ya miƙa masa hankici. Ya tuba, tuba na gaskiya, hannunsa bai sake taɓa karta ba. Duk abin da ya shafi ƙofar silima ya baro shi a Kano. Waƙar ce kawai ta biyo shi, da yake ita ba ta buƙatar biza.

Ita kuwa Sa'a 'yar Hausawan Sudan ce, amma a Madina aka haife ta. Sunanta na yanka Sa'adatu, a gida ake ce mata Sa'a. A wajen Bahaushe wannan suna ne na alheri. A bakin Balarabe kuwa sa'a agogo ce. Tun tana ƙarama, in ta fito aike, 'yan matan unguwa suke binta suna cewa, "Sa'a kam? Sa'a kam?" wato ƙarfe nawa. Wata ma takan kama hannunta ta kara a kunne, wai tana saurare ko agogon yana tafiya. Ta tsani sunan, har ta taɓa roƙon ubanta ya sake yanka rago a canza mata.

Gyaran keken ɗinkin uwarta ne ya kai Ɗanmusa gidansu. Yana tsugune a tsakar gida yana ɗiga mai, sai ya ji uwar ta ƙwala kiran Sa'a daga kicin. Bai san lokacin da waƙar ta kuɓuce masa ba. A bayan labule Sa'a ta tsaya tana saurare. Daga ranar keken nan ya shiga lalacewa akai-akai, abin mamaki, bai warke ba sai da aka ɗaura aure.

Tana amarya, lallen hannunta bai gama gogewa ba, ta tambaye shi, kanta a ƙasa, "Waƙar nan, wa ya yi ta?"

Amsa biyu ce a gabansa. Ko ya ce 'yan caca, a cikin Madina, bayan surukinsa ya ba shi 'ya ne saboda yana ganinsa kullum a sahun farko. Ko kuma ya faɗi abin da ya faɗa.

"Ni," in ji shi.

"Don ni?"

"To akwai wata Sa'ar ne?"

Ta rufe fuska da mayafi, amma ya ga kunnuwanta suna murmushi. Daga nan ta daina jin kunyar sunanta. In wata Balarabiya ta tsokane ta da ƙarfe nawa, sai ta ce, "Naki mijin ya taɓa yi miki waƙa?" Da waƙar nan ta yi renon Jabir, ta yi renon Khaulat, ta yi renon auta Yasmin. Shi kuma kowace shekara yana cewa bana zai gaya mata, kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. In ya zauna istigfari yakan bi laifukansa ɗaya bayan ɗaya, in ya iso kan wannan sai ya ƙara gudu, kamar mai wuce ƙofar gidan da ke da kare.

Abin ya tashi ne wata Juma'a, bayan an sauko daga Harami, 'ya'ya da jikoki sun kewaye farantin shinkafar bukhari. Bikin Yasmin ya matso. Suhaila, babbar 'yar Jabir, wadda ke karatun aikin jinya, ita ce ta kawo shawarar a sa wa waƙar kakanta kiɗa a kunna ta ranar lalle. Suhaila tana jin Hausa tsaf, amma da Larabci take amsawa, kamar sauran 'yan'uwanta. Ta rera karin a cikin wayarta don ta nemo kiɗan da zai dace, sai wayar ta kawo mata abin da ba ta nema ba.

"Sidi," ta ce, yadda jikokin Madina ke kiran kakansu namiji, mace kuma Sitti, "zo ka gani. Amurkawa sun sace waƙarka."

Loma ce a hannun Ɗanmusa. Ya leƙa. Ga hular, ga kwat ɗin, ga mutumin nan yana girgiza hannu, ko furfura ɗaya bai ƙara ba. Ya mayar da lomar cikin farantin.

Sa'a ta goge hannu ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta saurara har ƙarshe. "Wallahi ita ce," ta ce. "Har inda kake jan numfashi shi ma nan yake ja. Ka ga marasa kunya. Abu Jabir, a ina suka ji ta?"

"Duniya ce, Hajiya. Alhazai daga ko'ina suke zuwa."

"Mene ne wannan yake girgizawa a hannu? Sukarin shayi?"

"Da alama."

"Ya saci waƙar mutane, ya saci sukari."

Aka kwashe da dariya. Suhaila ce kaɗai ba ta yi ba, don ta karɓi wayarta ta karanta bayanin da ke ƙasa. Da ya tashi zai fita sallar la'asar ta biyo shi, ta tare shi a matakala.

"Sidi," ta ce a hankali, "fim ɗin ya girme ka."

"Ke amarya, ba a ƙirga wa ango shekaru," in ji shi, irin wasan da ya saba yi mata.

Ba ta karɓi wasan ba. "Kuma ba sukari ba ne."

"Na sani."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma Sitti ta ce in tura mata shi a wayarta, kuma na tura."

Ya tsaya yana neman takalminsa, alhali yana ƙafarsa.

Kafin wata Juma'ar babu gidan Bahaushe a Jurf da labarin bai shiga ba. Sa'a da kanta take kai shi, da gwiwarta mai ciwo, tana hawa benaye tana nuna wa mata fuskar ɓarawo. Mutane suka fara zuwa shago yi masa jaje. Osman, wanzami ɗan Cadi da ke maƙwabtaka da shi, ya shigo da almakashi a hannu ya ce in shi ne sai ya kai ƙara ofishin jakadanci. Nu'uman, wani ɗalibin shari'a ɗan Zariya, ya zauna ya yi masa dogon bayani a kan haƙƙin mai fasaha a fiƙihu, ya ce yana da abokin da ya san lauya.

"A bar wa Allah, malam," in ji Ɗanmusa, idonsa na kan allura.

Nu'uman ya girgiza kai. "Ka ji mutanen da. Baba, irinku sun yi ƙaranci. A cuce ka, ka ce a bar wa Allah."

Ya fita yana ba abokansa labarin haƙurin tsohon. Ɗanmusa ya ji da ma zaginsa aka yi. Duk wanda ya yabe shi sai ya ji kamar an ƙara masa bargo a tsakiyar zafin Madina. Ya daina zuwa masallacin layinsu, ya koma na bayan kasuwa inda Bangalawa, 'yan Bangladesh, suka fi yawa, don su ba su san shi da waƙa ba.

Ya gwada gaya mata, kada a ce bai gwada ba. Wata safiya suna karyawa da wake da gurasar tamis, ya ajiye kofin shayi ya gyara murya.

"Hajiya, game da waƙar nan."

"Kada ka sa wa ranka damuwa," ta ce, tana tura masa farantin. "Na san abin yana cin ka, duk ka rame. Ranar lalle zan sa a kunna tasu, a kunna taka, mata su yi hukunci da kunnensu. Ci wake."

Ya dubi fuskarta. Rabon da ya gan ta da irin wannan kuzari tun haihuwar Suhaila. Ya yagi gurasa.

"Allah ya kai mu," ya ce.

Ba a kai ranar lallen ba. Mata sun taru a gidan Khaulat da yamma suna haɗa turaren wutar amarya, kuma daga bakin Khaulat ɗin ya ji yadda aka yi daga baya. A cikin matan akwai Innayatu, matar wani malamin jami'a, wadda ta koyar da Turanci a Kaduna kafin su zo. Sa'a ta miƙa mata wayar ta ce, "Ke da kike jin yarensu, gaya mana abin da ɓarawon yake cewa." Innayatu ta kalla, ta ce sautin ba ya fita sosai. Aka ƙara sauti. Ta ce Turancin Amurka da wuyar ji. Aka ce ta daure. Da ta ga ba mafita sai ta ce, "Hajiya, caca suke yi. Sa'ar caca yake roƙo. Kuma fim ɗin tsoho ne, tun Turawa ba su bar Najeriya ba."

Ko a nan ma da sauran wurin ɓuya, don ana iya cewa kari ne ya zo ɗaya. Sai dai akwai wata tsohuwa a wurin, baƙuwa daga Kano da ta zo umara, dangin ango. Ta ce a rera mata ta Hausar ta ji. Aka rera. Ta tafa hannu tana dariya, ta ce, "Ai wannan ta 'yan ƙofar silima ce. Yayana ya sha bulala a kanta." Ta ɗora da sauran baitocin da Ɗanmusa bai taɓa kawowa Madina ba, masu zancen kati da wanda aka cinye wa riga. Ita a ganinta hira take yi. Sai da ta gama ta lura ba mai taya ta dariya.

Sa'a ba ta taɓa taka shagonsa ba tunda suka yi aure. Ranar, rana ta yi sanyi ana shirin magariba, ya ga inuwa ta rufe masa haske. Ya juyo. Tana tsaye a ƙofa cikin abaya, ƙamshin turaren wuta na binta. Ta jira wani mai karɓar wando ya fita.

"Abu Jabir, ka yi caca a Kano?"

"Na yi, Hajiya. Na tuba tun kafin in san ki."

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ba shi ya kawo ni ba." Ta dafa bakin tebur saboda gwiwar. "Da kake cewa ke nake kira ba wata ba, wa kake kira?"

Ya cire tabarau, ya mayar. "Da farko dai waccan ce. Daga baya ke."

"Daga yaushe?"

Ya nemi ranar a ransa, ya rasa. Da ya iya ƙirƙiro wata, amma yau bakin ya ƙi.

"Tun ban haihu ba har na yi jikoki ina amsa kiran da ba ni ake yi wa ba," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ka zuba mini ido ina yawo gida-gida ina cewa an yi mini sata, ashe kayan ma ba nawa ba ne."

"Kunya ce ta hana ni."

"Taka ka ji. Tawa fa?"

Osman ya leƙo, ya ga yanayin, ya koma da kansa kamar kunkuru.

"Kada in sake jin ta a gidana," ta ce, ta juya.

Aka yi bikin Yasmin babu waƙa. Matan unguwa suka yi kawaici, ba wadda ta sake ta da zancen a gabanta, wanda hakan ya fi ta da shi ciwo. Nu'uman ya daina zancen lauya, in ya kawo ɗinki yana gaisuwa yana kallon silin. A gida Sa'a ba ta fasa komai ba. Tana dafa abinci, tana yi masa sannu da zuwa, tana tuna masa maganin hawan jini. Shi ne ya kasa kiran sunanta, don duk sanda ya buɗe baki zai ce Sa'a sai ya ji karin yana biyo bayan sunan. Ya koma Hajiya kaza, Hajiya kaza, kamar ɗan haya.

A shago ma abin ya taɓa aiki. Ashe da waƙar ƙafarsa take auna gudun keke. Da ya yi shiru sai ɗinki ya fara karkacewa. Ya ɗinke wa wani ɗalibi aljihu ruf, ya sa wa wani hannun riga a baibai. Kafilinsa da kansa ya leƙo, na'urar sanyi kuwa lafiyarta ƙalau, ya tambaye shi ko idon ne ya fara tafiya.

A nan ne ya yanke shawarar zai yi mata tata waƙar, ta gaskiya. A nan ne kuma ya gano abin da ya fi komai ban kunya: mutumin da aka yi shekaru ana yi wa kirarin mai fasaha ko baiti ɗaya bai iya haɗawa ba. In ya samo kalmomi babu kari. In ya kama kari, kafin ya kai tsakiya ya zame ya faɗa cikin tsohon. Akwai wani kari da ya yi kwanaki yana murna da shi, sai ya ji injin wankin maƙwabta ya gama aiki yana buga shi. Osman ya tambaye shi ko haƙori ne ke damunsa, don yana jiyo nishi ta bango.

Ya daɗe a haka. Wata safiya da hantsi, tana zaune a falo da tire a cinya tana tsinke ganyen na'ana, ya zo ya tsaya a gabanta da hula a hannu, kamar ɗalibin da zai ba da hadda. Ya yi tari. Ya fara:

Sa'a mai ciwon gwiwa,
Ta hau bene da kwanon tuwona,
Ta yi faɗa, ta ƙara mini nama,
Ni na yi ƙarya, ita ta sha kunya.

Ya tsaya, don iyakarta ke nan. Ba ta ɗago ba. Ta tsinke ganye, ta jefa kara gefe, ta ɗauki wani.

"Gwiwata ka sa a waƙa," ta ce.

"Ita na sani, Hajiya."

"Karin kuma kamar ƙofar banɗaki."

"Ni na yi ta. Wallahi wannan ni na yi."

"Ba sai ka rantse ba. Duk duniya babu mai yin wannan sai kai."

Ya ci gaba da tsayuwa, bai san ko an sallame shi ba. Ta kaɗe tiren, ta tattara ganyen wuri ɗaya, sannan ta dube shi, karo na farko tun ranar shago.

"Cire Sa'a," ta ce. "Ka sa Sa'adatu, sunan da ubana ya yanka rago a kansa. Ba na son a sake ruɗewa a kan wa ake kira."

Ya gwada nan take. Sunan ya cika layin ya zubo, gwiwar ta rasa wurin zama. Ya sake gwadawa da sauri, ya sarƙe har da tari.

"Ya yi tsawo, Hajiya. Ba ya shiga."

"Ka faɗaɗa waƙar. Kada ka kuskura ka rage mini suna."

Har yanzu yana kai. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai yi ƙarfin halin tambaya ba, kuma bai koma masallacin layinsu ba tukuna. In ka wuce ta shagon za ka ji keke ya tashi, ya tsaya, tsoho yana gunguni yana lanƙwasa yatsu, keke ya sake tashi. Osman ya matsar da bencinsa can gaba. Ya kai mata waƙar sau da dama tana mayar da shi da gyara. A na baya-bayan nan ta ce sunan ya fara zama, saura a bayyana cewa gwiwar hagu ce, don ta dama lafiyarta lau kuma ba ta son a yi mata ƙarya.